Zafi ne ke cinye batirin wayarka, ba yawan caji ba

Har yau akwai masu sayar da waya da za su ce maka in ka je gida kar ka kunna ta sai ka yi mata cajin awa takwas, kuma wai ka riƙa bari ta mutu murus kafin ka sake jona ta. Wannan shawara ta tsufa jama'a. Ta zamanin tsofaffin batura ce masu nikel, su ne in kana yawan yi musu rabin caji sai su fara rage aiki. Wanda ke cikin Tecno ɗinka ko Infinix ko Samsung ko iPhone, da na laftof da fawa bank, duk na litiyam ne, irin wanda kamfanin Sony ya fara kawowa kasuwa a 1991, kuma a 2019 aka ba mutum uku lambar Nobel saboda aikin da suka yi a kansa, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino. Shi batirin litiyam halinsa daban ne, bai son yunwa sosai kuma bai son ƙoshi sosai.

In ya cika dam yana kaiwa wajen bolt 4.2 ko sama da haka kaɗan, in ya kusa ƙarewa yana sauka wajen 3, to a waɗannan bakin iyaka biyu ne kayan cikinsa suka fi wahala. Shi ya sa za ka ji ana cewa a riƙe shi tsakanin kashi 20 zuwa 80. Sannan yawan jonawa ba ya cutar da shi, don ba sau nawa ka jona ake ƙirgawa ba, in ka sha kashi 50 yau ka cika, gobe ka sha 50 ka cika, zagaye ɗaya ke nan. Apple ma sun ce batirin wayoyinsu na baya yana riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan zagaye 500, daga iPhone 15 kuma 1000.

Amma fa ni maganar 20 zuwa 80 ɗin nan ba na matsa wa kowa a kanta. Wanda ya tsara ta yana da wuta dare da rana. Mu da za a kawo NEPA ƙarfe biyun dare a ɗauke kafin asuba kuma ba ka san ranar dawowarta ba, ta yaya zan ce maka ka cire waya a kashi 80? Cika abarka. In kana da sola a gida ko kana wuni a ofis mai wuta, to shiga saitin batir, da yawa daga cikin sababbin wayoyi suna da wurin da za ka sa caji ya tsaya a 80 ko 85, ka kunna shi, zai taimaka sosai.

Abin da ya fi damuna, kuma wanda yake hannunmu, shi ne zafi. Apple sun rubuta cewa wayarsu an yi ta ne don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35. To a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, daga Maris zuwa Mayu zafin rana kan wuce 40, ka ga tun ba ka yi komai ba an riga an haye iyaka. Sai kuma mutum ya ɗora wayar a gaban mota rana na dukanta ta gilashi, ko ya jona ta ya tura ƙarƙashin filo ya kwanta, ko tana caji yana kallon TikTok da data a kunne ga ƙaton kaba, wato rigar waya, mai kauri ya rufe mata baya, wallahi in ka taɓa ta kamar an sauke ta daga kasko. Batir cikakke kuma mai zafi shi ne mafi saurin tsufa, kuma abin da ya rasa ba ya dawowa ko ka kai shi wajen wane mai gyara. Cire kabar in za ka yi caji, ajiye ta a kan siminti ko tayil a inuwa, ka ƙyale ta ta huta. In ka shigo daga rana tana zafi bari ta huce tukuna.

Masu sana'ar cajin waya ina roƙonku da girman Allah, ku daina tara wayoyi kan juna a cikin akwati ƙarƙashin kwano ga janareta na huci a gefe. Ku baza su, iska ta samu shiga. Dukiyar mutane ce, kuma shagonku ne zai fara cin wuta in abu ya faru, Allah ya kiyaye.

Caja ma a kula. Mai kyau za ka ga an rubuta bolt 100 zuwa 240 a jikinta kuma tana jure hawa da saukar wutar janareta daidai gwargwado, ta bogi kuwa rubutun kawai gare ta. Haka fawa bank da aka rubuta mata lamba mai uban yawa amma ka ɗaga ka ji ba nauyi, bar musu kayansu. Masu tafiya Umara ko Hajji kuma, fawa bank a jakar hannu ake riƙe ta ba a sa ta cikin akwatin da za a loda, kuma ƙa'idar da aka saba ita ce kar ta wuce 100Wh, wato wajen 27,000mAh.

In ka ga bayan waya ya ɗago ko gilashin ya fara rabuwa da jikinta, batirin ya kumbura ke nan, iskar gas ce ta taru a ciki. Daina cajinta daga wannan lokacin. Kar a danne shi, kar a huda shi da allura wai don iskar ta fita, kar a sa shi a firji, a je a canza shi kawai. Ba wasa ba ne, a 2016 sai da Samsung ta janye Galaxy Note 7 gaba ɗaya daga kasuwa saboda batirinta na kamawa da wuta. In ya fara hayaƙi a kashe soket, a fitar da yara, kar a shaƙi hayaƙin don guba ne, kuma ko hayaƙin ya tsaya a sa ido don yakan sake tashi. Tsohon batir kuma don Allah kar a jefa a bola, mun san ƙarshen bolarmu wuta ake cinna mata, ga yara na tone-tone a wurin.

Masu batirin sola na litiyam, yawanci nau'in da ake kira LiFePO4 ne kuma ya fi na waya haƙuri da daɗewa, amma shi ma a nema masa ɗaki mai iska, ba sito ko ƙarƙashin bene da ke rufe ruf ba. Kuma kar ka yarda wani mai haɗawa ya tsallake ɗan allon da ke tsaron batirin, wanda suke ce wa BMS, wai don yana yawan katse wuta. In yana katsewa akwai dalili, ko kaya sun yi masa yawa ko zafi, a nemo dalilin.

Sai kayan da ake ajiyewa na watanni, tsohuwar waya ko laftof ko fankar caji mai litiyam da ake turawa ƙarƙashin gado in hunturu ya shigo. Kar a ajiye su babu caji ko kaɗan, don batirin yana ci gaba da zuba a hankali har ya faɗi inda ba zai ƙara karɓar caji ba. A bar su wajen kashi 50, a kashe, a sa wuri mai sanyi, bayan 'yan watanni a duba a ƙara musu kaɗan.