Kwalin maganin da na ƙi rabawa

A shagon ɗinkinmu da ke Tudun Wadan Zariya, magani ba shi da mai shi. Wanda ya sayo na ciwon kai da safe, kafin la'asar an raba shi kamar goron suna. Ba na cewa komai in dai abin bai wuce Panadol ba. Amma akwai kwalin da na kulle a aljihun teburina na hana kowa, har yaran shago suka fara ce mini marowaci a bayan ido.

Bayan ƙaramar sallah ne bayana ya riƙe. Duk telan da ya kwana kan keke a goman ƙarshe ya san irinsa: tsokar ƙugu ta ɗaure tam, ruku'u ya gagara, ko atishawa za ka yi sai ka dafa bango. Likitar da ta duba ni ta sa na ɗaga ƙafa, ta tambaya ko fitsari na zuwa daidai, ko akwai inda ya mutu a ƙafata. Sannan ta rubuta mini methocarbamol, maganin sassauta tsoka, ta ce in riƙa gasa wurin da ruwan ɗumi, kuma kada in kwanta in yi ta jinya, in riƙa ɗan takawa.

Wajen karɓar maganin, mai ba da shi ya dube ni ya ce, "Malam, da me kake zuwa aiki?" Na ce da mashin. Ya ce, "To a ba shi hutu tukuna." Bayaninsa shi ne: ƙwayar ba tsokar take zuwa ta kwance ba. A ƙwaƙwalwa da laka take aiki, tana rage saƙon da ke sa tsoka ta ɗaure. Don haka barci da jiri da nauyin jiki ba tsautsayi ba ne, tare suke tafiya da aikinta. Na gani da idona. Ranar farko ina zaune ina datsa yadi sai na ji almakashi na neman suɓucewa daga hannuna. Da a ce a kan mashin ne a cunkoson Kwangila ko PZ, ai da labari ya sha bamban. Ya kuma faɗa mini fitsari na iya yin duhu, kada in tsorata.

Mutum na farko da ya nemi in sammasa wani yaronmu ne, wanda kowa a layin ya san ba ya rabo da tiramol. Ya ce, "Maigida, ko ɗaya ce, wuyana ne ya sage." Na ce a'a. Irin wannan magani in ya haɗu da tiramol, ko kodin, ko diazepam, ko giya, barcin da kowanne ke sawa taruwa yake yi, har numfashi ya yi ƙasa mutum bai sani ba. Tun 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, amma wanda ke unguwa ya san ba a daina sha ba.

Ta biyu ita ce ta fi ba ni wahala, Hajiyarmu. Ta ce, "Kai da na ga ka miƙe, ba ka ba ni ko biyu in gwada wa ƙafar nan?" Ƙin ba uwa abu ba ƙaramin aiki ba ne. Sai dai tsoho ya fi kowa jin jirin maganin nan, ita kuma mai tashi alwala ce cikin dare, ga tsakar gida da santsi. Karayar ƙugu a shekarunta ta fi ciwon ƙafar muni nesa ba kusa ba. Na kai ta asibiti, aka ce matsalar gwiwa ce, wadda ƙwayata ba ta da abin da za ta yi mata.

Kuma magungunan ba iri ɗaya ba ne, ko da duk ana kiransu na sassauta tsoka. Norgesic da ake yawan saye a kemis orphenadrine ne haɗe da parasitamol, wanda ya ɗora masa Panadol ya ninka abu ɗaya, alhali babban mutum bai kamata ya wuce giram 4 na parasitamol a yini ba, saboda hanta. Norgesic ɗin yana busar da baki, kuma dattijon da fitsari ke masa wuyar fita, yana iya toshe masa shi gaba ɗaya. Tizanidine kuwa yana sauke hawan jini, kuma ba a haɗa shi da ciprofloxacin, wanda mu nan da zarar an ce taifod shi ake miƙa wa mutum. Haɗin na sa jini ya faɗi ƙasa warwas. Baclofen, da ake ba masu shanyewar ɓarin jiki ko rauni a laka, ba a yanke shi farat ɗaya, sai likita ya rage shi sannu a hankali, in ba haka ba yana iya jawo jijjiga da gane-gane. Mai ciwon ƙoda da mai juna biyu dole su faɗa wa likita kafin ya ɗora biro.

Nawa na gajeren lokaci ne. Irin wannan ba a saba wuce mako 2 zuwa 3 ana sha ba, kuma ranar da na manta ban sha ba, ban ninka na gaba ba. Da kwanakin suka cika ban koma kemis da tsohuwar takarda a ƙaro mini ba. Na dai sa kafinta ya ƙara wa kujerata tsawo, yanzu ina miƙewa tsakanin riga da riga.

Shi kuwa yaron nan, na tambaye shi ko akwai zazzaɓi, ya ce babu. Dalilin tambayar, wuyan da ya sage tare da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, musamman lokacin bazara, sanƙarau ake fara zargi. Haka wanda haƙoransa suka datse bayan ya taka ƙusa, ko mai ciwon baya da fitsari ke kufce masa, ƙafa na mutuwa. Waɗannan ba kemis za a nufa da su ba, a wuce da su asibitin Gambo Sawaba ko na Shika a ranar.