Kuɗin da na gani a asusuna, ashe ba nawa ba ne

Watana bakwai a unguwar Bronx ta birnin New York lokacin da abin ya faru. Ɗinki ya fara shigowa, na sayi babban keke, sai na ce bari in sayar da ƙaramin da na fara da shi. Na sa hotonsa a intanet, dala 400. Kafin gari ya waye wani ya turo saƙo, ko ragi bai nema ba. Ni da na taso a bakin Kantin Kwari, wannan kaɗai ya isa ya sa in yi taka-tsantsan, amma baƙunta da matsin kuɗin haya sun rufe min ido.

Bayan kwana huɗu ambulan ta iso da cek na dala 1,900, da tambarin banki, takarda mai kauri, komai tsaf. Mutumin ya ba ni haƙuri, wai ma'aikaciyarsa ce ta yi kuskure. In cire kuɗina, in ƙara 50 na wahala, ragowar in tura wa mai zuwa ɗaukar keken. Litinin na kai banki, Laraba na ga kuɗi zaune a asusuna. A Kano in alat ya shigo, ka duba ka ga kuɗi sun ƙaru, ai magana ta ƙare. Haka na ɗauka a nan ma.

Allah ya taimake ni, bayan sallar isha'i na yi zancen a gaban wani dattijo ɗan zangon Kumasi da muke kira Kawu, wanda ya daɗe yana tuƙin tasi a New York. Ya kama hannuna ya ja ni gefe.

"Ɗana, ka tura wani abu?"

"A'a, Kawu, sai gobe."

"To kada ka taɓa ko sisi."

A tsaye a bakin masallaci, cikin sanyin nan mai ratsa ƙashi, ya warware min. Tun 1987 dokar Amurka ta tilasta wa bankuna su sakar wa mutum kuɗin cek cikin 'yan kwanaki, alhali gano cewa na jabu ne yakan ɗauki makonni. Wannan tazarar ita ce gonar ɓarawo. Ran da cek ya dawo, banki zai zare kuɗinsa daga asusunka, abin da ka tura kuwa ya tafi ke nan, bashi a wuyanka. Kwana tara bayan nan cek ɗin ya dawo, aka caje ni tara. Da na tura, da dala 1,450 sun bi ruwa, fiye da abin da nake samu a wata a lokacin. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Kawun ne kuma ya nuna min shuɗayen akwatunan gidan waya na bakin titi, waɗanda aka mayar da bakinsu ɗan siriri. Ashe a da ɓarayi ke ɗaura kwalba a zare, su shafe ta da gam, su zura ciki su kamo ambulan kamar masu kamun kifi. Su goge tawadar cek da ruwan cire jan farce, su sake rubuta suna da adadi. Abin ba ƙarami ba ne: FinCEN, hukumar Amurka mai sa ido kan laifukan kuɗi, ta ce rahotannin zargin damfarar cek da bankuna suka kai mata sun tashi daga sama da 350,000 a 2021 zuwa sama da 680,000 a 2022.

Yanzu in wata ya ƙare, da baƙin alƙalami mai tawadar jel nake rubuta cek ɗin haya, don tana shiga jikin takarda, ba na barin sarari a layin adadi, kuma da ƙafata nake shiga gidan waya in miƙa. Bayan kwana biyu in buɗe waya in duba hoton cek ɗin da banki ya biya. Keken kuwa, wata 'yar Nijar mai kitso ce ta saya wa ƙanwarta, ta yi ta ciniki har muka tsaya a 320, ta ƙirgo min a hannu.