Abin da na koya a garejin tseren a-kori-kura

Kaka biyu na yi ina aiki da wata ƙaramar ƙungiyar tsere a Mooresville, jihar North Carolina, garin da garejoji da yawa na NASCAR, gasar tseren motoci ta Amurka, suke. Aikina auna iskar taya ne da wanke mota. Mu a rukunin a-kori-kura muke fafatawa, wanda aka fara a 1995.

Da na je, na ɗauka direban da ya fi kowa taka totur shi ne gwani. Wani tsohon bakanike ne ya fara gyara mini tunani. Ya ce in daina kallon mota, in saurari rediyon da direbobi ke magana da makanikansu. Sai na ji bambancin. Matashin direbanmu in mota ta ƙi masa, ihu kawai yake yi, wai motar ba ta da kyau. Gogaggu kuwa a natse za ka ji suna cewa gaban ya ƙi juyawa a tsakiyar kwana, ko bayan yana zamewa wajen fita. Da wannan ne shugaban makanikai zai san ko ya rage iskar taya ɗaya, ko ya taɓa sifirin. Direban da bai iya faɗin ciwon motarsa ba, ba wanda zai iya yi masa magani.

Matt Crafton ne ya fi tsaya mini a rai, direban da ya tuƙa mota mai lamba 88 ta ƙungiyar ThorSport, wadda kamfanin Menards ya ɗauki nauyinta. A 2001 ya fara tsere cikakkiyar kaka, amma bai ci tsere ko ɗaya ba sai a 2008 a Charlotte. Shekara bakwai ke nan! Ni da ni ne, ban san ko zan jure ba. Ya zo ya ɗauki kambu a 2013 da 2014, sannan a 2019 ya sake ɗauka ba tare da ya zo na ɗaya a tsere ko guda ba. Wasu sun yi ta ƙorafi a kan tsarin maki. Ni dai da na taɓa kwana ina cire lauyayyen ƙarfe daga jikin mota, na san darajar mutumin da ke dawo da ita lafiya mako bayan mako, yana cikin na gaba-gaba.

Maganar kuɗi kuma ba ta da daɗi. Kujerar direba sau da yawa ta wanda ya zo da mai ɗaukar nauyi ce. Namu yaron yana da hannu ƙwarai, amma ya fasa mota uku cikin wata biyu, kamfanin da ke biya ya janye. Ranar Litinin na zo na tarar ana ɓare sunansa daga saman ƙofa. Ni aka ba tsumma in goge sauran gam ɗin.