Wasiƙa daga Roma: Ashe zinariya da azurfa ta fara

'Yan uwa na gida, assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya iyali? Mu nan sanyi ya fara kankama.

Ranar Lahadi na shiga kasuwar gwanjo ta Porta Portese neman rigar sanyi, sai na ɓige a teburin wani dattijo mai tsofaffin sulalla. Ya ɗora mini wani ɗan tsaba a tafin hannu, faɗinsa bai wuce farcen babban yatsa ba, duk ya dafe. A jikinsa akwai kan mace sanye da kwalkwali, ga alamar X a bayan ƙeyarta. Ya ce sunansa denarius. Ban saya ba, don jabu ya yi yawa a wannan harka, amma sunan ya biyo ni har ɗaki.

X goma ce a lissafin Romawa, sunan ma daga goman ya fito, domin da farko tsabar tagulla goma ake canjinsa. An fara buga shi wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Romawa na tsakiyar yaƙi da Hanibal, janar ɗin daular Kartaj ta Arewacin Afirka. Kuma na azurfa ne, ku riƙe wannan.

Da sunan ya isa bakin Larabawa sai ya koma dinar, kuɗin zinariya. Yana cikin Alƙur'ani, a suratu Ali Imrana, aya ta 75. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga nasa a shekara ta 77 bayan Hijira, babu hoton kowa sai rubutu. Shi ne dinarin da malamanmu ke auna nisabin zakka da shi, guda 20, da rubu'insa na mafi ƙarancin sadaki. Daga dinar ɗin nan masana harshe suka gano asalin kalmarmu ta zinariya. Wato sarƙar da ke wuyan amarya sunan kuɗin azurfar Roma take amsawa! Kuwait, Tunisiya da Sabiya kuwa har yau dinari suke kashewa.

Mutanen Sifen ba su wahalar da kansu ba, kowane kuɗi dinero ne.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na Ingila. Kun tuna littafin bashin tsofaffinmu na zamanin fam da sule, inda ake rubuta taro 3d, sisi 6d? Na sha tambayar Baba me ya haɗa kwabo da harafin d, sai ya ce haka Bature ya zo da shi. To, d ɗin nan harafin farko ne na denarius, shi ne ya sake shigo mana, wannan karon ta bakin teku, ya zauna har naira ta kore shi a 1973.

Wanda ya je gidanmu ya faɗa wa Baba na samo masa amsar. Rigar sanyin dai ban samu ba, sai wata Lahadin.

Naku,
ɗan uwanku a Roma