Takardar da ɗan Yaya ya turo min daga Teksas

Daren Juma'a ina wurin mai shayin bakin layinmu a Gyaɗi-Gyaɗi, sai ga saƙon WhatsApp daga ɗan Yayata da ke jihar Teksas. Hoton takarda ne cike da lambobi, a ƙasa ya rubuta da Hausarsa da ba ta gama nuna ba: "Kawu, ka ga sakamakona?" Na zaci na jarrabawa ne. Ashe na besbol ne, wasan nan na Amurka da wani ke jefo ƙwallo wani ya doke ta da kulki.

Shekararsa 16, yana sakandare. Ni kuwa shekara 11 ke nan ina horar da yaran unguwa ƙwallon ƙafa, ban taɓa auna yaro da komai ba sai ido. Na kira shi, muka yi ta magana har shayina ya huce.

A can akwai kamfanoni irin su Perfect Game da ke shirya taron gwaji. Iyaye su biya kuɗi, a jera yara gaban masu farautar 'yan wasa na jami'o'i da na ƙungiyoyin MLB, babbar gasar ƙwararrun besbol ta can. Ana gwada gudun yadi 60, kusan mita 55. Wanda ya yi ƙasa da sakan 7 shi ake fara ɗaga kai a kalla. Namu 7.1 ya yi, wannan ɗigon kuma ya hana shi barci. Sai duka: na'ura ce ke auna saurin da ƙwallo ke barin kulki, nasa mil 88 a awa. Mai jifa kuwa radar ake saita masa. Yaron sakandaren da ya jefa mil 90 a awa, wato kilomita 145, sunansa ya shiga littafi. Tsakaninsa da mai duka ƙafa 60 ne da inci 6, don haka kafin rabin sakan ƙwallo ta iso. Har juyawar da take yi a iska na'urorin TrackMan da Rapsodo suna ƙirgawa. Mai cafewa, wanda ke tsugune a bayan mai duka, ana so daga cafewa zuwa isar jifansa tasha ta biyu (cikin tashoshin da ɗan wasa ke zagayawa da gudu kafin ya ci maki) kada ya wuce sakan 2.

Bayan haka sai masu farautar su ba yaro maki daga 20 zuwa 80 a abubuwa biyar: iya duka, ƙarfin duka, gudu, tsaron fili da ƙarfin hannu. Mai 50 ya kai matsakaicin ɗan wasan MLB.

Na ce masa, to a gasar makarantarku fa, yaya kake? Ya ce a duk zuwa duka goma yana dacewa a huɗu, amma masu farautar ba su cika damuwa da wannan ba. Wai wa ya jefo maka? In yaron ƙauye ne mai sanyin hannu, kowa ma zai doka. Ga shi a sakandare kulkin ƙarfe suke riƙewa, manya kuwa na katako, wanda ba ya yafe kuskure. Nan maganar ta shige ni, don na san yaron da zai zura biyar a wasan unguwa, ka kai shi gwaji filin Sani Abacha a Ƙofar Mata ya rasa inda zai sa ƙafa.

Sai dai ban sallama wa lambobin gaba ɗaya ba. Wancan mil 88 ɗin, ƙwallon da aka lallaɓo masa a kejin atisaye ya doka. Na'ura ba ta ce komai ba kan abin da zai yi in mai jifa ya murɗo masa wadda ke karyewa ƙasa dab da isowa, ya riga ya kuskure sau biyu, saura ɗaya a fitar da shi, ga uwarsa a cikin 'yan kallo. Billy Beane, da ƙungiyar New York Mets ta ɗauka daga sakandare a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa a 1980, jiki da gudu da hannu duk Allah ya ba shi, amma dukan manya ya gagare shi. Mike Trout kuwa, wanda daga baya ya zama gwarzo a MLB, a zaɓen 2009 sai da aka kira sunaye 24 kafin nasa.

Abin da ya fi tsaya min a rai gwiwar hannu ce. Yaro ya san radar ake kallo, sai ya yi ta jifa iya ƙarfinsa rani da damina har jijiya ta tsinke. Tiyatar gyaran jijiyar da aka fara yi wa wani mai jifan MLB, Tommy John, a 1974, yanzu har 'yan sakandare ake yi wa. Na ce Yaya ta gode Allah nata ba mai jifa ba ne.

Da safiyar Asabar na ari tef ɗin awo wurin wani magini maƙwabcinmu, na ja mita 55 a filin firamaren da muke atisaye, na buɗe agogon waya. Yara suna ta dariya, wai Koci ya zama Bature. Ɗan gabanmu, mai bakin tsiya, na huɗu ya zo. Wanda ya wuce kowa wani siririn yaro ne da ba ya magana, wata uku yana dumama min benci. Na ce a sake, ya sake wuce su.

Gobe Lahadi muna da wasa da yaran Tarauni. Lamba bakwai zan ba shi, mu ga ko ƙafar ta san ƙwallo.