'Yan ƙwallonmu na gida

Jiya a gidan kallo a Sabon Gari wani ya ce gasar Najeriya ta waɗanda suka rasa abin yi ce, wai ba ƙwallo ake bugawa ba. Maganar ta tsaya min a rai har na isa gida Tudun Wada. Ahmed Musa a Kano Pillars ya yi suna kafin ya tafi Turai. Enyimba ta ɗauki kofin zakarun Afirka a 2003, ta sake ɗauka a 2004. Ƙanena ya buga wa wata ƙungiya, ni na san wahalar da ya sha. Su kwana a bas zuwa Kudu, washegari su shiga fili da kumburarriyar ƙafa, albashi kuwa wata uku shiru. Ranar da na ji 'yan kallo suna ce masa rago, wallahi sai da na yi hawaye.