Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da Muka Buɗe Injin Fijon Baba

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya inda aka raba gadon Baba, Allah Ya jiƙansa, motarsa Fijo 504 ta faɗo a kasona, yayyena suka ce in kira 'yan gwangwan su auna ta in huta. Ban kira su ba. Na sa yaran unguwa suka tura ta ƙarƙashin bishiyar darbejiya da ke tsakar gidanmu a Tudun Wadan Kaduna, na ɗora ta a kan bulo, na aika wa Kawu.

Kawu ƙanin mahaifiyarmu ne, ya yi shekaru yana aiki a kamfanin haɗa Fijo da ke Kakuri, wanda ya fara fitar da motoci a 1975. Tamu ƙirar 1982 ce, kuma yakan ce ba mamaki ta bi ta hannunsa kafin ta fito ƙofa. Matasan yau ba za su gane matsayin motar nan ba. A zamaninta ita ce motar gwamnati, ita ce ta babban malami da alhajin kasuwa, doguwarta kuwa ita ke jigilar fasinja daga Kano zuwa Maiduguri ba gajiya. A Faransa ta fito a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai a 1969, ta kuma cinye gasar tseren motoci ta Safari a Kenya a 1975. Faransawa sun daina ƙera ta tun tuni, mu kuwa a Kaduna aka ci gaba da haɗa ta har bayan shekarar 2000.

Da Kawu ya zo bayan sallar Asuba, bai ce in tayar da ita ba. Bonet ya ɗaga, ya zaro sandar gwajin baƙin mai, ya shafa a yatsa. Man ya koma kamar shayi mai madara. Ya buɗe murfin lagireto ya leƙa, ya girgiza kai.

"Wane ruwa babanku yake zuba mata?"

Na ce, "Na rijiyar nan, Kawu."

"To ka ga abin da ya kwantar da ita. Ba tsufa ba ne, ɗan nan, ruwa ne."

Ya bayyana mini cewa jikin injin ƙarfe ne, kansa kuwa, abin da makanikai ke kira top silinda, alminiyom ne. Ruwan rijiya zalla yana cin su duka biyun, ya tara tsatsa da laka har ya toshe lagireto. Mota ta fara tafasa. Maimakon a wanke, wani bakanike ya cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin injin, ya jefar, wai ƙasarmu ƙasar zafi ce ba ta buƙatarsa. Ana nan ana ƙara ruwa a hanya, har wata rana gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin jikin injin da kansa, ya ƙone, ruwa ya haɗu da mai. Ni dai har yau ina jin takaicin wannan ɗabi'a ta cire abin da ba a fahimta ba. Ta kashe motoci masu rai da yawa a ƙasar nan, aka ɗora wa shekaru laifi.

Muka shimfiɗa tabarma da buhuna, Kawu ya ce in kawo gwangwanayen madara in riƙa zuba kowane rukunin noti a nasa. Muka cire batir, muka zubar da ruwa da mai, muka sauke kafireto, muka kwance bakin salansa. Injin 504 a kishingiɗe yake gefe guda, don haka hannu yana isa kusan ko'ina ba tare da an shiga rami ba. Duk aikin nan da sifana da soket da sukundireba muka yi shi.

Da muka kwance notocin kan injin, na kai hannu zan ɗaga, sai ya riƙe ni.

"Dakata. Wannan ba a ɗaga shi tsaye."

Ramukan da fistin ke kai-komo a ciki ba a jikin injin aka fafe su ba. Bututu ne guda huɗu da aka zura, kowanne yana zaune a kan sil ɗinsa, ruwa na zagaye shi. In ka fizgi kan sama, bututun na iya biyo shi, sil ya tashi, shi ke nan sai an sauke injin gaba ɗaya. Sai ya bar noti ɗaya a kusurwa, muka riƙa murza kan gefe a hankali har ya saki gasket. Yana sauka ya kawo manyan wasa da gajerun notoci ya danne bututun, ya gargaɗe ni kada kowa ya juya injin ko ya tura motar a giya. Yarana ma sai da na tara su na ja musu kunne.

Kan injin ya ɗan lanƙwashe, mun gani da muka ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe. Na ɗauke shi a Keke Napep zuwa Panteka, kasuwar masu aikin ƙarfe, aka share masa fuska. Gasket ne ya ba ni wuya. Na jabu sun cika kasuwa, kwalinsu ya fi na gaske kyau. Kawu ya ƙi biyun farko da na kawo, ya ce in duba ƙarfen da ya zagaye ramukan, in ya yi laushi ba zai kai damina ba. Daga ƙarshe wani abokina ya samo mana mai kyau a Ƙofar Ruwa ta Kano, tare da tamostat da sabon fanbel. Lagireto kuma aka buɗe shi aka zure.

Ranar mayarwa Kawu bai taɓa sifana ba. Kujera ya ja ya zauna, ya ce hannuna yake so ya koya. Na ɗaure notocin daga tsakiya ina fita waje, kaɗan-kaɗan, zagaye bayan zagaye. Na saita tazarar bawul injin yana sanyi, bawul na shigar mai milimita 0.10, na fitar hayaƙi 0.25, bakin kwantak mai ba fulogi wuta kuma 0.40. Wajen wayoyin fulogi ya tuna mini jerin wuta 1-3-4-2, da cewa Faransawa daga ɓangaren kuloci suke fara ƙirga silinda. Muka zuba sabon mai da ruwan lagireto na gaske mai hana tsatsa.

Na yi bismillah na murza makulli. Ta yi tari, ta yi shiru. Kawu ya ce in ja cok in sake. Sai ta kama. Hajiya ta fito daga ɗaki da carbi a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon motar mijinta tana numfashi, ta ce, "Allah Ya yi muku albarka."

Kawu ya ce kada in yi saurin murna, bayan ta ɗan yi tafiya sai mun sake ɗaure kan injin mun sake saita bawul. Muka sauke ta daga bulo, na shiga don in zagaya layi. Ina taka birki a bakin get sai ƙafata ta tafi har ƙasa, babu abin da ya riƙe.

Yadda muka kwashe da birkin, da abin da ya kai ni Zariya a ranar, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.